Darasi na Tara: Ƙungiyar Hidima, Zumunci da Sana'a

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. faɗin abin da ake nufi da ƙungiyar hidima, da abin da ya raba ta da gayya ko adashi;
2. ba da tarihin ƙungiyar Rotary a taƙaice, da yadda ta iso Kano;
3. bayyana amfanin zumunci a cikin ƙungiya;
4. auna sana'arsa da tambayoyi huɗu;
5. yin lissafin kuɗin ƙaramin aikin taimakon unguwa.

1. Mece ce ƙungiyar hidima?

Haɗa hannu a yi aiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manomi yakan kira gayya idan ciyawa ta fi ƙarfinsa, samari su zo da fartanya, a dama fura, kafin la'asar an gama. Mata da 'yan kasuwa kuma suna da adashi: kowa ya zuba, uwar adashi ta riƙe, wanda ranarsa ta zagayo ya kwasa.

Duka biyun suna da kyau, amma ku lura da abu guda. Wanda ya je gayyar wani, yana sa ran za a zo tasa. Wanda ya zuba adashi, kuɗinsa ne za su dawo masa. Amfanin yana zagayawa ne a tsakanin waɗanda suka shiga. Ƙungiyar hidima kuwa, mambobinta ne ke zuba kuɗi da lokaci, amma wasu ne a waje ke cin moriyar: yaran makaranta, marasa lafiya, mutanen ƙauyen da rijiyarsu ta rufta.

> Akwatin ma'ana
> Ƙungiyar hidima: taron mutane da suka haɗu bisa raɗin kansu, suna zama a kai a kai, suna tara kuɗi da ƙwarewa don taimakon al'umma, ba don riba ba.
> Mamba: wanda aka karɓa cikin ƙungiya, yana halartar zama, yana biyan kuɗin ƙa'ida.

Irin waɗannan ƙungiyoyi suna da yawa a duniya. Akwai Lions, wadda aka kafa a 1917, ta yi suna wajen taimakon makafi da masu ciwon ido. A wannan darasi za mu ɗauki wadda ta girme ta, wato Rotary, mu duba yadda aka gina ta. Ba don mu ce kowa ya je ya shiga ba. Don mu ga abin da za mu iya ɗauka mu gyara namu ƙungiyoyin na unguwa da na kasuwa.

2. Mutum huɗu a ofishi guda

Ranar 23 ga Fabrairu, 1905, wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da abokansa uku a birnin Chicago na Amurka. Ɗaya dillalin gawayin ƙasa ne, ɗaya injiniyan haƙar ma'adinai, ɗayan kuma tela. Harris ya tashi ne a wani ƙaramin gari a hannun kakanninsa, inda kowa ya san kowa. Da ya zo babban birni sai ya tarar mutane kamar ƙasa, amma babu wanda zai yi wa sallama ya zauna. Duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani ya san wannan kewa.

Ba su da zauren taro, don haka suka riƙa zagayawa: wannan karon a ofishin wane, na gaba a shagon wane. Daga wannan zagaye sunan Rotary ya samo asali, kuma alamar ƙungiyar har yau wili ce mai haƙora irin ta cikin inji.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a nan, domin littattafai kan so su gyara tarihi ya yi santsi. Ba taimakon jama'a ne ya fara haɗa mutanen nan ba. Abota suke nema, da kuma ciniki a tsakaninsu: in kana son kwat ka je wurin telanmu, in kana da shari'a ga lauyanmu. Sai daga baya wasu suka ga cewa ƙungiyar da ba ta amfanar kowa sai 'ya'yanta ba za ta yi nisa ba. A 1907 suka sa hannu a aikinsu na farko na jama'a, kuma ba wani abin ƙawa ba ne: ban-ɗakin jama'a suka nema a gina a tsakiyar birnin. Wanda ya taɓa wuni a kasuwar da ba ta da makewayi ba zai rena wannan aiki ba.

Daga nan rassa suka bazu, zuwa Kanada da Ingila da sauran ƙasashe. Reshen farko a Afirka an buɗe shi a Johannesburg a 1921. A Nijeriya kuwa, Kano ce ta fara samun reshe a 1961, sannan Legas da Ibadan a cikin shekarar. Daga reshen Kano ɗin nan ne Jonathan Majiyagbe, babban lauya da ya shafe shekaru yana aiki a birnin, ya zama shugaban Rotary na duniya a 2003. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. Yau mambobin ƙungiyar sun haura miliyan ɗaya.

Shekaru sama da tamanin maza ne kaɗai ake ɗauka. Sai da wani reshe a jihar Kalifoniya ya ɗauki mata, uwar ƙungiya ta kore shi, magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1987, reshen ya yi nasara. A 1989 aka buɗe ƙofa ga mata a ko'ina, a 2022 kuma wata 'yar Kanada, Jennifer Jones, ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar.

3. Zumunci

Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Rotary ta ɗauki wannan da gaske. A tsohuwar ƙa'idarta kowane reshe yana zama mako-mako, a rana ɗaya, a wuri ɗaya. Shugaba ya kaɗa ƙararrawa, a ci abinci tare, a gabatar da baƙi, wani ya yi ɗan jawabi kan aikinsa ko kan wata matsalar gari, a ji inda aka kwana a ayyuka, a tashi a kan lokaci. Wanda ya yi fashin zama sau huɗu a jere ba tare da uzuri ba, yana iya rasa matsayinsa na mamba. Tun 2016 an sassauta, an yarda reshe ya zauna ko da sau biyu ne a wata.

> Akwatin ma'ana
> Zumunci (a ƙungiya): sanin juna da amincewa da juna da ke samuwa ta hanyar haɗuwa a kai a kai, cin abinci tare, da halartar murna da jajen juna.

Wani zai ce, to ina ruwan cin abinci da gina asibiti? Ku tuna ƙungiyoyin da kuka taɓa gani sun watse. Yawanci ba rashin kuɗi ne ke kashe su ba. Zargi ne. Ma'aji ya sayi babur, sai a fara ƙus-ƙus. Mutanen da ba sa haɗuwa sai ranar karɓar kuɗi ba su san halin juna ba, kuma wanda ba ka san halinsa ba, da wuya ka yi masa uzuri. Amma wanda kuka saba zama a faranti ɗaya, ka je sunan ɗansa, ya zo ta'aziyyar mahaifinka, kana iya tambayarsa rasit ba tare da an yi faɗa ba.

Wata dabara da ke riƙe zumuncin ita ce wa'adi. Shekarar Rotary tana farawa ranar 1 ga Yuli, kuma shugaba shekara ɗaya yake yi ya sauka, daga na ƙaramin reshe har na duniya. Wanda ya san baɗi shi ma zai koma cikin sahu, yakan yi sannu da mutane. A ganina wannan ita ce ƙa'idar da ƙungiyoyinmu na unguwa suka fi buƙata, kuma ita ce suka fi ƙi.

4. Hidima ta hanyar sana'a

Wannan shi ne ƙashin bayan darasinmu, saboda haka za mu ɗan daɗe a kansa.

Tun farko Rotary ta kafa doka cewa kowane reshe zai ɗauki mutum ɗaya ne daga kowace sana'a: likita ɗaya, tela ɗaya, magini ɗaya, ɗan jarida ɗaya. An sassauta dokar daga baya, amma har yanzu ana rubuta sana'ar kowane mamba kusa da sunansa. Hikimar ita ce, in mutum talatin suka zauna, to sana'o'i masu yawa ne suka zauna. Duk matsalar da aka kawo, da wuya a rasa wanda ya san kanta.

Wannan ma bai yi mana nisa ba. A garuruwanmu akwai Sarkin Maƙera, Sarkin Pawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina. Kowannensu yana wakiltar 'yan sana'arsa a fada, yana tsawatar wa wanda ya ɓata aiki, kuma in aikin gari ya taso, kamar gyaran ganuwa a zamanin da, shi ke fito da mutanensa. Bambancin kawai, sarautar sana'a galibi gado ce, wannan kuwa zaɓi ne.

> Akwatin ma'ana
> Hidima ta sana'a: mutum ya mai da aikin da yake cin abinci da shi hanyar amfanar jama'a, ta riƙe gaskiya a cikinsa, da koyar da shi, da ba da shi kyauta inda ake buƙata.

Hidimar sana'a tana da fuskoki uku, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta farko, ba da ƙwarewa kyauta. Likitan ido ya ware rana ya duba tsofaffi, lauya ya rubuta wa gwauruwa takardar gado, bakanike ya gyara injin rijiyar burtsatse. Wannan ita ce wadda ake ɗauka a hoto, kuma ita ce mafi sauƙi.

Ta biyu, koyarwa da girmama kowace sana'a ta halal. Rassan Rotary sukan kai ziyara wuraren aikin mambobi, su je makarantu su yi wa ɗalibai bayanin sana'o'i, su kuma karrama ma'aikatan da ba a cika tunawa da su ba, irin su mai shara ko ungozoma. Sun ware watan Janairu na kowace shekara don wannan fanni.

Ta uku ita ce mai wuya: gaskiya a cikin aikin yau da kullum, ranar da babu mai ɗaukar hoto. Ɗan kwangilar da ya ba marayu buhun shinkafa goma, amma ya rage siminti a ginin ajin da za su zauna, bai yi hidima ba. Da hannun dama ya bayar, ya karɓe da na hagu har da ƙari.

Tambayoyi huɗu

A 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, aka ɗora wa wani ɗan Rotary mai suna Herbert Taylor nauyin ceto wani kamfanin ƙera tukwanen alminiyam a Chicago, wanda bashi ya yi wa katutu. Ba shi da kuɗin da zai yi gogayya da manyan kamfanoni. Sai ya ga cewa abin da ya rage masa shi ne amincin ma'aikatansa. Ya rubuta gajerun tambayoyi huɗu, ya ce duk abin da za a faɗa ko a yi da sunan kamfani, a fara auna shi da su. Ga ma'anarsu:

1. Abin nan gaskiya ne?
2. An yi wa kowa adalci a cikinsa?
3. Zai ƙara fahimtar juna da abota?
4. Zai amfani duk wanda abin ya shafa?

Wurin da aka fara jin zafinsu shi ne talla. Dole aka cire kalmomin cika-baki irin su "babu kamarsa", aka koma faɗin abin da tukunyar take da shi kawai. Kamfanin ya farfaɗo, ya biya bashinsa. A 1943 Rotary ta ɗauki tambayoyin a matsayin ma'auninta. Babu wanda zai ce muku duk mai gaskiya sai ya yi arziki. Mun san waɗanda suka riƙe gaskiya suka mutu da talaucinsu. Amfanin tambayoyin shi ne suna tsayar da mutum ya yi tunani kafin ya buɗe baki.

*Misali na 1.* Saura kwana biyar Sallah. Wani tela yana da ɗinki ashirin a ƙasa, kuma ya san kala uku yake iya gamawa a rana. Sai ga wata mata da atamfa, ta ce, "Malam, don Allah a taimaka, ta yarinya ce." In ya ce mata "Hajiya, ki dawo jajibere," me tambayoyin za su nuna? Kala uku sau kwana biyar, 15 ke nan. Ko waɗanda ke hannunsa ma biyar za su kwana. Tambayar farko ta riga ta kama shi. Ta biyu ma haka, domin in ya ɗinka nata, to na wani ya ture. Abin da zai wuce duka huɗun shi ne ya ce, "Hajiya, gaskiya ba zan iya ba, amma ga wani abokin aikina a layin baya, bari yaro ya raka ki." Ya rasa kuɗin ɗinki ɗaya. Yarinya kuma ta sa sabon kaya ranar idi.

*Misali na 2.* Mai sayar da hatsi yana da kwano biyu, na saye mai faɗi, na sayarwa wanda aka ɗan buga gindinsa ciki. Ku gwada shi da kanku a aji. A tambaya ta nawa ya faɗi? Akwai wadda ya tsallake?

5. Daga ƙaramin reshe zuwa yaƙi da shan-inna

Aikin da ya fi fito da sunan Rotary shi ne yaƙi da cutar shan-inna. Ta fara ne a 1979 da shirin yi wa yara miliyan shida rigakafi a ƙasar Filifin. A 1985 ta mai da shi shirin duniya, a 1988 kuma ta haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. A lokacin, cutar tana shanye ƙafafun yara kimanin 350,000 a shekara, a ƙasashe 125.

Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da aikin ya fi wahala. A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin yana hana haihuwa, wasu jihohi suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta koma ba sai tsakiyar 2004. Abin mamaki, a daidai lokacin ne ɗan reshen Kano ke shugabantar Rotary ta duniya. Kuɗi da magani suna nan, amma ƙofofin gidaje a rufe. Abin da ya buɗe su shi ne shigowar sarakuna da hakimai da malamai, da mata masu bi gida-gida, da waɗanda cutar ta taɓa suka fito suna magana da iyaye. An ga na ƙarshen wanda asalin ƙwayar cutar ta kama a Nijeriya a jihar Borno a 2016. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita. Ana ci gaba da ɗiga wa yara maganin saboda akwai wani nau'in da ke ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci.

6. Abin da ake suka

Ana cewa ƙungiyar masu hannu da shuni ce, kuma akwai ƙanshin gaskiya a ciki: kuɗin ƙa'ida da na abinci a otal sun fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Wasu malaman addini, Musulmi da Kirista, sun taɓa nuna shakku a kanta, ita kuma tana cewa ba ruwanta da addini ko siyasar mamba. Wannan kowa ya bincika ya yanke wa kansa. Tsarin da muka karanta dai ba mallakin kowa ba ne. Mutum goma sha biyu a ƙarƙashin bishiyar darbejiya suna iya aiki da shi.

7. Mu yi lissafi

A ce wata ƙungiyar unguwa tana da mambobi 24, kowa yana zuba ₦3,000 a wata. (Alƙaluman na koyo ne, ku sauya su da farashin garinku.)

Abin da ke shiga a wata: 24 × ₦3,000 = ₦72,000.
Kashi ɗaya cikin uku na shayi da hidimar zama: ₦24,000.
Abin da ya rage na aiki: ₦48,000.

Suna son yi wa makarantar firamare benci 40. Katako da ƙusa na kowane benci ₦5,500, wato ₦220,000.

In aka ba ɗan waje: kuɗin hannu ₦2,500 × 40 = ₦100,000, kuɗin mota ₦16,000. Jimla ₦336,000. A raba da ₦48,000, sai an yi zubin wata 7.

Amma a cikin mambobi akwai kafinta da direba. Kafinta ya ce zai yi aikin da yaransa, a dai ciyar da su, ₦15,000. Direba ya ce a zuba masa mai na ₦5,000. Jimla: ₦220,000 + ₦15,000 + ₦5,000 = ₦240,000. Wata 5 ke nan. An rage ₦96,000, yara kuma sun tashi daga ƙasa wata biyu kafin lokaci.

Sai dai ku lura, kwanakin da kafinta ya yi kan bencin nan, bai yi aikin kuɗi ba. Ya kamata sakatare ya rubuta ₦100,000 a littafi a gaban sunansa, a karanta a zama kamar yadda ake karanta na wanda ya ba da tsaba. In ba haka ba, baɗi za a neme shi a ji ya yi tafiya.

Tambayoyin bita

1. Faɗi bambanci ɗaya tsakanin adashi da ƙungiyar hidima.
2. A wace shekara aka kafa Rotary, kuma waɗanne sana'o'i mutum huɗun farko suke yi?
3. Wane birni ne ya fara samun reshen Rotary a Nijeriya, kuma a wace shekara?
4. Me ya sa ake son shugaba ya sauka bayan shekara ɗaya? Kana ganin hakan zai yiwu a ƙungiyarku? Kawo dalili.
5. Rubuta tambayoyi huɗun Herbert Taylor da kalmominka.
6. Kawo fuskoki uku na hidimar sana'a. Wacce ta fi maka wuya a aikinka?
7. A misalin benci, in mambobi 4 suka daina zubi, nawa zai rage na aiki a wata bayan an cire kashi ɗaya cikin uku? Wata nawa za a yi kafin a tara ₦240,000?
8. Aikin gida: rubuta sunayen sana'o'in ɗaliban ajinku. Zaɓi matsala ɗaya ta unguwarku, ka nuna abin da kowace sana'a za ta iya yi a kanta, da abin da dole sai an saya.